Sa Hannun Alhaji

Mai son gwada ƙarfin zumunci ya ɗauki ƙaninsa su je banki a sa shi cikin masu sa hannu a asusun kamfani.

Za a ce ku kawo takardar rajistar CAC, da BVN, da NIN, da ƙananan hotuna, da takardar kuɗin wuta. Wutar da rabonka da ita tun kafin azumi, wai ita ce za ta shaida wa banki inda kake kwana. Sai takardar ƙudurin daraktoci, wato kai da ƙaninka ku rubuta cewa kun yi taro kun amince da kanku. Taron nan kuwa a kan benci aka yi shi, a bakin shago a Kantin Kwari, ana jiran mai shayi.

Rigimar tana wajen aji. Akwai mai sa hannu na A, akwai na B.

"Yaya, ni ne B?"

"Sai haƙuri, tsarin banki ne."

Alhali Yayan ne ya cike gurbin da bironsa.

Shi ma Yayan bai tsira ba, katin sa hannu ya kama shi. Ma'aikaciyar bankin ta dubi sa hannunsa na sama, ta dubi na ƙasa, ta ce, "Ranka ya daɗe, ba su yi kama ba." Mutumin da ke lissafin dilolin atamfa da ka, ga shi nan cikin sanyin na'ura yana zufa, yana koyon kwaikwayon hannun kansa a bayan ambulan. Ƙanin, mai ajin B, yana gefe yana ba da shawara: "Yaya, ƙara lanƙwasa wutsiyar."