Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Takardar Mallakar Gida

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya a kabad ɗin da kike hutawa. Ni ɗaya ne daga cikin masu neman aurenki a Kano, kuma tunda ganinki sai an cika fom, na ga gara in rubuto.

Na yi binciken asali kamar yadda al'ada ta tanada. Tushenki dokar ƙasa ce da Turawa suka kafa wa Arewa a 1910, daga ita sai ta Jihar Arewa ta 1962. Mahaifiyarki kuwa ita ce Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, aka kuma cusa ta cikin kundin tsarin mulki don kada a taɓa ta da sauƙi. Ita ce ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Ashe Mai Girma ne waliyyinki! Ko mai gida ya ce ya sallama, shaidu sun sa hannu, an shafa fatiha, a idon doka ba a ɗaura ba sai da amincewarsa.

Hajiya, da kin san wuyar da ake sha kafin a iso zaurenki, da kin tausaya. Da fari akwai dillali. Duk gidan da ke hannunsa yana dab da titi, ko da kuwa sai an tsallake kwatami uku da gonar dawa. Da ka taya, sai ya ce akwai wani Alhaji daga Abuja da zai biya gobe da safe, a taimaka a ajiye kafin alƙalami. Shi kaɗai ya nuna maka gidan, amma ranar la'ada sai ka ga an cika tabarma: wannan shi ya ji labari, wancan shi ya riƙe makulli, na ƙarshe kuwa babur ɗinsa aka hau.

Sai gidan gado. Magada su sa hannu, a kashe ciniki, ka yi fenti, ka tare da iyali. Ana nan sai ga wani yaya ya dawo daga Saudiyya, ya ce shi ba a shawarce shi ba, a haɗu a kotu. Ba banza ba ake rubuta wa bango cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne, a yi hattara da 'yan damfara. Wanda kuma ya saya da rani, sai a watan Agusta zai gane cewa har da tafki aka haɗa masa kyauta.

Duk wanda ya tsallake wannan, ke ce ladansa. To amma sharuɗɗanki fa? Auren na shekara 99 ne. Kowace shekara akwai kuɗin ƙasa. In gwamnati ta buƙaci wurin don amfanin jama'a, waliyyi na iya raba mu, ya biya diyyar gini, ban da ta ƙasar, domin da ma ba tawa ba ce. Duk na yarda. Abin da ya fi ƙarfina shi ne lefen: kuɗin safiyo, kuɗin lauya, kuɗin hatimi, kuɗin rajista, sannan jira, har furfura ta riski mai nema.

Shi ya sa talaka ya koma wa kishiyarki, takardar mai unguwa. Ita ba ta da tsada, ba ta jan aji: filin awon igiya, shaidu, tambari, shi ke nan. Sai dai ranar da aka shafa wa katanga jan fenti, motar rusau ta doso, ba ta iya buɗe baki. Banki ma ba ya gaishe ta. Ma'aikacin da ake yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa don Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, in ya je neman rancen gida, ke za a fara tambayarsa.

Roƙona ɗaya ne: ki sauko. Ki rage lefe, ki sa ranar da za a same ki, ki kuma cika alkawari. Tsadarki ba ta hana kowa sayen gida, sai dai ta sa a saya a makance, kuma a nan macuta ke cin kasuwarsu.

In kuwa ba za ki fito a zamanina ba, don Allah a rubuta sunan ɗana a jikinki, kada shi ma ya faro daga fom.

Naki mai jiran tsammani,
Wani magidanci da ya biya kuɗin gida, bai zama mai gida ba.