Haƙar Takardar Baba

A Anka da Bukkuyum an iya haƙo zinari. Takardar gonar mamaci ce ta gagari kowa. Tsoho ya adana ta saboda gara. Gara ba ta gani ba, magada ma haka. A buɗe adaka: tsohon katin zaɓe, rasit ɗin rediyo, da takardar harajin da aka biya tun kafin a cire Zamfara daga Sakkwato a 1996. Wasiyya kuwa da baki ya bar ta. Shari'a ta ce kada ta wuce sulusi. Sai ga aminai bakwai gaban alƙali a Gummi, kowa shi kaɗai aka raɗa wa sulusin. Iyakar gona fa? "Daga tsamiyar nan." Tsamiyar kuwa bara aka yi gawayi da ita.