Yaƙin Zaɓen Ma'auni

Ma'auni, a wajen masu harhaɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba, shi ne yawan ninkin da aka rage girman jirgin gaske, kuma zaɓensa yaƙi ne mai zaman kansa. Jirgin Spitfire na Ingila, mai faɗin fikafikai kimanin mita 11, yana komawa santimita 16 a ma'aunin 1:72, inda matuƙinsa bai fi gyaɗa ba, amma dole a yi masa fentin gira. A ma'aunin 1:24 kuwa yana kusan rabin mita, don haka ba ya sauka a falo sai da izinin uwargida. Gumurzun sararin samaniyar Birtaniya na 1940 bai cika wata huɗu ba. Kwalin jirgin roba na kamfanin Airfix kuwa yakan shekara bisa kabad, maigida yana ta nazari.