Masu Dafe Ƙugu Bayan Layya

Kwana uku bayan Babbar Sallah, tsaya a ƙofar masallacin unguwa ka kalli masu fitowa. Rabinsu hannu na dafe da ƙugu, suna tafiya kamar masu tsohon ciki. Na san su sarai, don gidanmu akwai kowane iri.

Shugabansu Alhaji Ni-Kaɗai. Rabonsa da ɗaga abin da ya fi mukullin mota nauyi tun layyar bara, amma da a-kori-kura ta tsaya da rago da buhun shinkafa, sai ƙuruciya ta motsa. Ga samari huɗu a tsaye, ya ce su ba shi wuri. "Mu da muka tashi da garma a hannu?" Durƙusawa ya ɗauka da ƙarfin cinya, kayan na manne da jikinsa, wannan a ganinsa aikin ragwaye ne. Sunkuyawa zai yi, gwiwa a miƙe, ya fizgo kilo 50, ya murɗa ƙugu yana tambayar wa ya bar ƙofa a buɗe. Sai ka ji "wash!" Nan zai daskare kamar mai ruku'un da ya manta abin da ake faɗa, yana cewa ba komai, sanyi ne. Idin bana a kan kujerar roba ya yi shi, babbar rigar tana jan ƙasa.

Hajiya mai suya kuwa tun hantsi take kan kujera 'yar tsugunno, sai lisha. A ce mata, "Hajiya, ki miƙe ki ɗan taka," ta ce in naman ya ƙone wa zai biya. Tela ba na jin tausayinsa: shi ya karɓi ɗinkin mutum arba'in, bayansa ne ya rama mana. Sai ɗan ci-rani da ya taso daga Legas a takure cikin mota, ya iso gida a lanƙwashe kamar lauje.

Duk waɗannan nawa ne. Wanda ke ɓata mini rai shi ne likitan bakin titi, wanda bai taɓa jin ciwon bayan da ba basir ba. In jiƙo bai yi ba, ya tura ka a yi maka "haɗi": diclofenac da ibuprofen, wani lokaci har da tramadol, a ƙulle cikin leda ba suna, a kora da ruwa ciki babu komai. Irin wannan shan ne ke tayar da gyambon ciki, ya taɓa ƙoda. Wani kawunmu ƙafarsa ta yi sanyi ba ya jin ta, fitsari ya fara kufce masa, alamar da ake kai mutum asibiti a ranar, amma gogan ya ce a ƙara kanwa. Sai da aka yi faɗa kafin aka kai shi Asibitin Ƙashi na Dala.

Akwai kuma mai ilimin abin, wanda ya san dogon kwanciya na ƙara sandarar da baya, tafiya a hankali ce ke sake shi. Kwanansa huɗu ke nan a kan darduma, matashi a ƙarƙashin gwiwa, yana rubuta wa mujalla labarin wasu. Ba buhu na ɗauka ba. Tsokar hanta ce ta faɗi, na yi wuf kada kyanwa ta riga ni.