Masu Faɗaɗa wa Mota Hanci a Jalingo

Injin mota mayen iska ne. Kafin ya ƙona lita ɗaya ta fetur sai ya zuƙi iska wajen lita 9,000, domin ƙa'idar haɗin ita ce kilo 14.7 na iska ga kowane kilo ɗaya na mai. Shi ya sa maƙera suka yi masa hanci, wato baƙin akwatin robar nan mai matatar takarda a ciki, wadda kanikawa ke kira iyakilina. To akwai waɗanda hancin kamfani bai gamsar ba. Sai su kwance akwatin su jefar, su ɗaura wata jar matata mai siffar mazurari a bakin bututu mai ƙyalli. Kwana huɗu na yi ina ɗumama benci a wani gareji a Sabon Gari, ina jiran kayan gyaran tsohuwar Fijo tawa, na kuwa sha kallo.

Wanda ya fi kowa yawa shi ne Ɗan-ƙara. Corolla ce ta mahaifinsa, kuma tsohon bai san an fito da ita ba. Bai tambayi ƙarfi ba, bai tambayi mai ba. "Oga," in ji shi, "so nake in na taka totur a Rodbulok a jiyo ni a Magami." Akwatin asali dama yana da ɗakunan da ke haɗiye rugugin iska, da an cire shi sai injin ya riƙa gurnani kamar sa a hannun mahauta. Da yamma za ka gan shi a titin Hammaruwa, Keke Napep uku a gabansa, biyu a baya, yana tafiyar hawainiya da kukan jirgin sama. Ban raina shi ba. Duk cikinsu shi kaɗai ya samu abin da ya biya.

Sai Yallaɓai na sakatariya. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai yake yawo da ɗan littafi a aljihu, yana rubuta kowace lita. A majalisa aka gaya masa jar matata tana rage shan mai. Ba wanda ya gaya masa cewa kwamfutar motar auna iskar take yi ta zuba mai daidai da ita, kuma a tuƙin cikin gari ƙafarsa ce ke ƙayyade iskar. Abin da ya ƙara dagula lissafi, gurnanin ya yi masa daɗi, ya koma yana ɗan takawa a kowace kwana. Ƙarshen wata littafi ya nuna mai ya ƙaru. Ya ce ai mitar gidan man ce ta ɓarayi.

Shi kuwa Oga Ba-matsala, bakanike, sai an zauna. Komai aka kawo masa ya taɓa yi wa wani Alhaji irinsa. Matata ta zo ba ta hau bututu ba? Ba matsala. Ya aiki yaro shagon masu kayan famfo ya sayo gwiwar bututun ruwa, ya gasa bakinta a wuta har ta yi laushi, ya cusa. Inda ya rage rata ya yanko tsohon tif ya naɗe, ya ɗaure da waya, ya ciji ƙarshenta da filaya. Daga nan ya ɗaga ƙaramar na'urar da ke auna iska, wadda suke kira iyafulo, ya juya ta gaba da baya, ya ce wannan kwalliyar Bature ce. Da aka tayar da mota ta kama rawar ɗari, fitilar gargaɗi ta kunnu a gaban sitiyari. Ba matsala. Ya yanki baƙin salatif ya manne fitilar. Kuma ina ya ajiye jar matatar? Dab da inda hayaƙin salansa ke fita daga injin, wurin da ya fi ko'ina zafi a ƙarƙashin bonet. Akwatin kamfani daga gaba yake janyo iskar waje. Yanzu kuwa, a watan Maris na Jalingo da rana ke neman kai maki 40, an mayar da mota tana shaƙar numfashin tanda.

Farfesa ya san duk wannan, domin ya kwana a YouTube. Zai gaya maka iska mai sanyi ta fi nauyi, duk saukar zafi da maki 10 yana ƙara mata kauri da kusan kashi 3 cikin ɗari, kuma gaskiyarsa ne. Tasa matatar K&N ce, ta auduga da ake shafa wa mai, ko da yake kwalinta da rubutun Sinanci ya zo. Ya shafe ta da mai kamar ana toya ƙosai, man ya bi iska ya dasƙare a kan iyafulo. Don gudun zafi ya sa aka ja bututun ƙasa, bayan bamba, kamar taki ɗaya daga kwalta. Bidiyon da ya kalla a Amurka aka ɗauka, ba a unguwar Mayo Gwoi cikin Agusta ba. Ya faɗa kududdufi, mota ta kurɓi ruwa, shi kuma ruwa ba ya matsuwa kamar iska, sai ƙarfen fistin ya lanƙwashe. Har yanzu motar na nan a lulluɓe da tamfol, yana zuwa duba ta kamar mai jinya.

Baffa direban Gembu ya tsaya kallonsu yana taunar goro. Ya ce yaran nan ba su san ƙarancin iska ba sai sun hau dutse daga Mayo Selbe da lodin buhuna. Can saman Mambila, sama da mita 1,500, iskar kanta ke sirancewa, mota ta rasa ƙarfi ko da hancinta ya kai bakin rijiya. Na ce, "Baffa, kai yaushe rabonka da sauya taka matatar?" Ya yi mini kallon wanda ya zagi iyayensa. Shekara da shekaru wajen mai faci yake kai ta a hure ta da iskar taya. Da ya ɗago ta na hango hasken rana ta huda uku.

Akwai kuma 'yan benci marasa ko keke, masu yanke hukunci a kan kowace mota. Waɗannan ba zan taɓa su da yawa ba, kwana huɗu muna cin gyaɗa tare.

Ranar da zan tafi ne na lura da ƙaramin yaron gareji. Duk akwatin da aka jefar yana ɗauka ya goge, ya rubuta sunan motar da alli, ya jera a bayan kwantena. Na ce, "Kai ɗan samari, me za ka yi da shara?" Ya ce, "Baba, bari hunturu ya shigo. Da ƙura ta ci ringi, mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi, da ƙafarsu za su dawo neman abinsu." Na ƙirga guda tara. Har ya sa wa na Corolla kuɗi.