Fatawar Kanikawan Filinge

Kanikawan Filinge, a ƙasar Kurfai, sun yi ittifaƙi cewa duk tsohuwar Peugeot 504 da ke shanye ruwan lagireto tun daga Yamai har Baleyara alhali ba ta ɗiga a ƙasa, tana fitar da farin hayaƙi, baƙin manta kuma ya koma kamar kindirmo, to lalle gaskit ya ƙone, wajibi ne a buɗe kan inji. Amma a mas'alar jar fitilar mai, wadda kan nuna famfo ya gaji ko ƙarafan ciki sun cinye, an sami saɓani: jamhuru sun ce a auna ƙarfin man, direba kuwa ya yi ijtihadi, ya liƙe fitilar da salatif, ya ce tsari na Allah ne.