Zuwa Ga Bawana Bazazzagi, Mai Babur Ɗin Da Ba Ya Ɗaukar Buhu

Bawana Bazazzagi, gaisuwa irin ta ubangida ga yaron gidansa. Labari ya iso mana nan Burumburum cewa ka kwashe masarar bara kaf ka sayar, ka haɗa da kuɗin adashi, ka yi sabon babur. Da farko na taya ka murna a raina, na ce to madalla, Allah ya kawo ranar da mutumin nan zai daina tsayawa a Kwanar Dangora yana ɗaga wa motocin Jos hannu. Sai da hoton ya shigo waya na gane abin da ka aikata. Duk baburan da Allah ya hore wa kasuwa, ka tsallake Boxer, ka tsallake Jincheng, ka tsallake Haojue, ka je ka ɗauko Honda Rebel 500, ɗan Kwatano, baƙi ƙirin tun daga fitila har salansa. Ka zauna a kansa da baƙin tabarau, ka kumbura kumatu, wai kai nan mutumin Amurka. Zage-zagi dai ba ku taɓa yin abu yadda mutane ke yi ba.

Tun da na san mai sayarwa bai faɗa maka komai ba sai farashi, bari ubangidanka ya karantar da kai abin da ka saya. Irin wannan ƙirar, mai sirdi ƙasa-ƙasa da dogon jiki da tayoyi masu kauri, ita ake kira kuruza. Asalinta Amurka, ƙasar da Harley-Davidson ya fara ƙera babura a garin Milwaukee a 1903. Can titi ne shimfiɗaɗɗe, mutum ya yi ta tafiya yini guda bai haɗu da rami ba, balle akuya. Don haka suka yi babur na zaman ƙasaita, ba na gaggawa ba, ba na dako ba. Daga baya Japanawa suka ga ana sonsa, su ma suka shiga. Honda ta fitar da ƙaramin Rebel mai siisii 250 a 1985, sannan a 2017 ta kawo wannan naka, wanda ake haɗawa a Thailand. Fitilar nan ta gaba mai ƙwayaye huɗu ta nuna naka daga ƙirar 2020 ne zuwa sama. Ka ga ke nan babur ɗin da kake wa kallon Ba'amurke, ɗan Japan ne haifaffen Thailand, ya biyo ta Kwatano, ya ƙare a hannun Bazazzagi. Kowa da irin jarrabawarsa.

A wuri guda dai na yarda sun yi maka gata: tsayin sirdinsa daga ƙasa santimita 69 ne kacal. Karon farko ke nan a tarihin gidanku da wani zai zauna kan babur ya dire ƙafafunsa biyu a ƙasa ba tare da ya nemi dutse ba. Na tabbata wannan ne ya ja ka, duk sauran bayanin da kake wa mutane a majalisa ƙari ne.

To mu shiga cikin injin, inda kake ta cika baki. Siisii 471 ne, silinda biyu a jere, giya shida, ruwa ke sanyaya shi. Ƙarfinsa ya kai na doki 46 ko kusa da haka, alhali Boxer ɗin da muke zuwa gona da ita, mai siisii ɗari da giya huɗu, ba ta wuce doki takwas da 'yan kai ba. Na ji an ce kana ta maimaita wannan lissafi a bakin Ƙofar Doka har masu shayi sun haddace. Abin da ba ka sani ba shi ne dalilin da ya sa ƙarfin ya tsaya a nan. A Turai akwai lasin na masu tasowa, wanda ake kira A2, da bai yarda mutum ya hau babur da ya wuce kilowat 35 ba, wato doki 47 da ɗoriya. Da gangan aka auna injin naka ya tsaya ƙasa da wannan iyaka. A taƙaice, bawana, abin da ka zubar da rumbu guda a kansa, can wurin masu shi babur ɗin 'yan koyo ne. Yaro ya yi shekara biyu a kansa, hannunsa ya faɗa, ya sayar ya sayi na manya. Shi ne ya faɗo Kwatano, kai kuma ka yi masa walima.

Ko ƙarar ma ba ta ba ka abin da kake so ba. Gurnanin nan da ake ji a finafinai na injin Harley ne, mai silinda biyu da suka buɗe baki kamar gwafa. Naka injin ɗaya ne da na baburan Honda CB500F da CB500X, an ɗan sauya masa saiti don ya fi ja tun daga ƙasa, muryarsa kuwa a ladabce take. Na san halinka, yanzu haka kana shawarar kai shi wurin mai walda a huda salansa. Kada ka soma. Mutanen Tudun Jukun ba su yi maka laifin komai ba.

Ba zan zalunci babur ɗin don mai shi ba. A kan kwalta mai kyau abin hawa ne na gaske. Ka taso daga Zariya, ka karya ta Kwanar Dangora ka miƙi hanyar Tudun Wada, zai riƙe kilomita ɗari a awa ba tare da ya yi haki ba, a inda tawa Boxer ɗin tun daga tamanin take fara rawar ɗari tana roƙon a yi mata afuwa. Nauyinsa a ƙasa yake, don haka ba ya rangaji. Kulocinsa laushi gare shi, kuma an yi masa dabarar da ko ka sauke giya da garaje tayar baya ba za ta yi tsalle ba. Birkinsa faifai ne gaba da baya, ga na'urar ABS da ke hana taya ƙamewa idan ka damƙe shi a firgice. Wannan na'urar ita kaɗai ce abin da na yi maka hassada a kai, domin duk wanda ya taɓa ratsa Dajin Falgore ya san yadda garken shanu ke ɓullowa kan titi ba sallama.

Amma kai ba a kan kwalta za ka ƙare ba, tun da ka ce za ka kawo mana shi gida mu gani. Nan ake yin ta. Tsakanin cikin babur ɗinka da ƙasa santimita 12 da rabi ne, ko taƙi guda bai kai ba. Tudun rage gudu na farko da matasan ƙauye suka tara da hannunsu zai gaisa da injinka. Daga nan sai hanyar gona a watan Agusta, wadda amalanken shanu ya riga ya tsage ta gida biyu, tsakiyarta ta yi tozo. Mu mukan bi ta kan tozon mu wuce. Kai kuwa cikin zai zauna daram, tayoyi biyu suna lilo, kana bisa kana salati. Shokobansa na baya gajeru ne, don sai da aka rage su kafin sirdin ya sauko daidai tsayinka, saboda haka kowane rami kai tsaye zai isar da saƙonsa ga ƙugunka. Idan kuma ya kwanta a taɓo, kilo 190 ne. Boxer in ta faɗi, yaro ɗan sakandare zai ɗaga ta da hannu ɗaya yana cin rake da ɗayan. Naka sai an yi gayya, kuma ka san gayyar Kanawa ba a yin ta kyauta.

Sai babbar magana, wadda tun da na ga hoton take cina. Ina kariya? Na duba, na ƙara dubawa, na ba yara suka buɗa hoton, babu. Abin da ke bayanka wani ɗan kushin ne da bai fi tafin hannu biyu ba, wanda masu ƙirar ma suka yi shi yadda za a kwance a ajiye, don a ganinsu babur ɗin ya fi kyau in mutum shi kaɗai ne. Shi kaɗai fa! A ƙasar nan tamu, daga Bebeji har Doguwa, ba a tambayar gudun babur sai an tambayi abin da yake ɗauka. Buhun taki biyu zuwa gona. Buhun masara zuwa kasuwa. Shinkafa daga fadama, jarkokin ruwa, damin rake, ƙyauren ɗaki, akuya a cikin kwando. Ranar suna kuwa maigida a gaba, yaro a kan tanki, biyu a tsakiya, uwargida a baya da goyo da kwanon tuwo. Ban ce hakan daidai ne ba, jami'an kiyaye haɗurra ma ba su ce ba, amma abin da babur yake yi ke nan a wurinmu. Shi ne jakin da ya gaji jaki. Kai yanzu in matarka ta ce a kai ta unguwa Tudun Wadar Zariya, ya za ka yi? Ka tare mata A Daidaita Sahu, ka bi su a baya kana ƙugi, mutane su ɗauka rakiyar amarya ce.

Tankinsa lita 11.2 yake ci, kamfanin kuma ya ce lita guda tana kai shi kimanin kilomita 27. A takarda wajen kilomita 300 ke nan. Ba laifi ga inji mai wannan girma, sai dai tawa tana ninka hakan a kan lita, kuma tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai, ba wanda ke raina wannan bambanci. Ga shi naka ba kabireta gare shi ba, allurar mai ce da kwamfuta ke sarrafawa, ba ta son datti ko kaɗan. Man kwalba na 'yan bumburutu, wanda tawa ke sha ta yi hamdala, naka in ya kurɓa sau biyu sai ya fara tari.

In ya fara tarin kuma wa zai duba shi? Bakanikenmu na gindin mangwaro gwani ne, ba na wasa ba. Da sifana uku da sukundireba zai wargaza Boxer da safe, ya canza fistin da ringi, kafin la'asar ka hau abinka. Kayanta har a shagon mai sayar da omo ana samu. Amma ka kawo masa naka, ya ga lagireto da fanka da tarin wayoyi, zai zagaya shi sau uku, ya cire filogi ya hura, ya mayar, ya ce maka sai dai Kano. A Kano a ce maka sai Legas. A Legas a ce ka turo kuɗi a yi oda. Tayoyinsa inci 16 ne masu faɗi, namu na nan 17 ne da 18 sirara, don haka ko taya ka yaga sai ka yi zaman jiran dakon kaya. Kuma ba shi da abin bugawa da ƙafa. Ranar da batir ya kwanta, sai turi, kilo 190, da babbar riga. Don Allah in ranar ta zo ka sa a kira ni, ko ina cikin gona zan bar fartanya in zo kallo.

Na san amsarka, don kullum ita ce: wai mu Kanawa ba mu san daɗin duniya ba, kome sai mun auna shi da mudu, ko kyautar turare aka ba mu sai mun tambayi nawa ake sayar da shi. Za ka ƙara da cewa mu mutanen kudancin Kano ai rabinmu Zage-zagi ne, tun da iyakarmu ɗaya da Ikara. Wannan ƙazafi ne, kuma zan kai ka ƙara wurin Dagaci. Amma ko a ma'aunin daɗin ma ka yi kuskuren zaɓe. Da ka nemi shawarar ubangidanka, da na nuna maka Royal Enfield Meteor 350 ta Indiya. Ita ma kuruza ce, ta fito a 2020, silinda ɗaya, doki 20, babu lagireto, tankinta lita 15, cikinta kuma ya ɗaga santimita 17 daga ƙasa. Da ka samu zaman ƙasaitar da kake nema, ka kuma iso Burumburum da injinka a jikinsa. Sai dai sirdinta ya fi naka tsayi da kusan santimita takwas, na kuwa san nan gizo ke saƙar.

Tun da aikin gama ya gama, ga umarni, ba shawara ba. Ka sayi hular kwano ta gaske mai rufe haɓa, ka daina ɗora zanna bukar a kan doki 46. Ka tattare babbar rigar nan, domin sarƙar babur ba ta san aikin Zariya mai tsada ba ne, in ta kama sai ta naɗe har da mai rigar. Takalmi rufaffe, ba silifa ba. Kada ka ratsa Falgore bayan magariba, kada kuma ka biye wa yaran da za su ce ka ɗaga musu gaba. Ba don ina tausayinka ba ne, bawa dukiya ne, ba na son asara.

Sannan ka tuna watan cika-ciki na tafe, kuɗin sharar bara ma ba ka biya ba. Bana ba na karɓar kaza. Ka hau abinka ka taho, in ka maƙale a hanya ka aiko yaro, zan turo amalanke. In ka iso za mu zauna a yi ciniki irin na mutunci: ka bar min babur ɗin, in ba ka tsohuwar Boxer ɗina da kariyarta sabuwar walda, in ɗora maka buhun masara biyu ka koma wa iyali da abin tuwo. Cikon da zai biyo ni bashi, sai kaka.